Rasuwar Ɗan Ɗinya, Molon da Bango Ya Danne

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa inda zai zuba, da kuma sallamawa ga hukuncin Ubangiji, ni Maitama ɗan Buba, manomi a garin Ƙarfi, nake sanar da dangi da maƙwabta da abokan gayya, da duk wanda wannan takarda ta riska a kasuwar Bakori ko ta Dayi, rasuwar abokin zamana kuma abokin jinyata, Ɗan Ɗinya, molo mai tsirkiya uku. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, ana tsakiyar marka, bayan dogon fama da sanyi da sakin jiki, ko da yake ba wannan ciwon ne ajalinsa ba. Bangon ɗakina ne ya faɗa masa.

Malam Sada, wanda ya riƙe alƙalami yake rubuta abin da nake faɗa, ya ce in bayyana tun da wuri cewa mamacin ice ne da fata, kada wata tsohuwa ta ji rabin magana ta kamo hanya da kuka. To na bayyana. Amma shi ma Malam shaida ne cewa tun daga shuka har gero ya fid da kai, babu mai rai da ya zauna da ni kamar yadda marigayin ya zauna.

An haifi Ɗan Ɗinya a Dayi, a hannun kawuna Jibo, yayan mahaifiyata, makiyayi. Shi ya fafe cikinsa daga reshen ɗinyar da iska ta karya, ya lulluɓe shi da fatar akuya, ya sa masa wuyan gora, ya murɗa masa tsirkiyoyi da gashin wutsiyar doki. Ya yi ƙuruciyarsa a rataye a kafaɗar Kawu, yana bin shanu fadama fadama. Ya yi magana a wurin suna, ya yi a wurin biki, kuma waɗanda suka san shi a lokacin sun ce in ya buɗe baki, saniya mai ƙin tatsa ma takan tsaya cak. Ni ban kula da shi ba a wancan zamani. Ni mutumin garma ne. In an yi gayya ni nake shiga gaba, samari su biyo ƙurata, kuma a ganina kiɗa aikin wanda ba shi da gona ne.

Ga yadda Allah ya haɗa mu. Bana, ruwan farko ya sauka, na kai rabin gona da shuka, sai idon sawuna na dama ya kama ƙaiƙayi da zafi. Kafin mako ya zagayo ƙurji ya fashe, kurkunu ya leƙo da farin kansa. Bai daɗe ba ɗan'uwansa ya fito a gwiwar hagu. Manu wanzami ya zo ya naɗe kan kowanne a jikin tsinke, kullum da safe yana murza kaɗan.

"Ba a yi masa gaggawa, Maitama," in ji shi. "Shi ke da lokaci, ba kai ba. Ka kwanta."

Aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakina, fuskata na kallon ƙofa. Daga nan abin da nake gani turmi ne, da gindin rumbu, da ɗan yankin sama wanda bai fi faifai ba. A shekarar kuma labarin mahara ya yi yawa. Ana rufe ƙofofin gari tun rana ba ta faɗi ba, masu gona a waje sai su haɗu su fita da kwari da baka, su dawo a gajiye. Ba mai sauran ƙarfin zuwa dubiya. Gari a rufe, gida a rufe, ni kuma ga ni a kan tabarma, ko bayan gida sai ƙanena Mudi ya goya ni.

Cikin wannan hali Kawu Jibo ya zo sallama. Za su kora shanu kudu, wajen ƙasar Zazzau, su nisanci hanyar mahara. Ya daɗe yana kallon ƙafafuna. Sannan ya sauke molon daga kafaɗarsa ya ɗora mini a cinya.

Na ce, "Kawu, me zan yi da wannan? Ni ko tafi ban iya ba."

Ya ce, "Shi ma ba abin da zai yi da kai. Ku dai zauna tare. Rafukan da za mu ƙetare sun cika, ruwa zai kashe mini shi. Ka riƙe mini har kaka."

Ya tsugunna ya nuna mini abin da zai yiwu a nuna kafin shanu su yi nisa. Babbar tsirkiya mai kaurin murya, ita ce giwa. Ta tsakiya sha-kiɗi. Gajerar nan mai siririyar murya, maguɗiya. Kowacce tana ɗaure a wuyan gora da zoben fata, in ka tura zoben sama murya ta hau, in ka sassauto shi ta sauka. Ya ce da giwa ake farawa, sauran biyun a kanta suke tsayawa. In yi gunji daga can ƙasan ƙirjina, in ja ta har ta hau kan gunjin. Sannan in taɓa ta tare da sha-kiɗi, in saurara har ƙarar ta mutu.

"In ba su shirya ba za ka ji muryar tana rawa, kamar mutum biyu na gardama a bayan danga. Ka tura kaɗan, kaurin gashi. Rawar za ta yi ta raguwa. In ta tsaya, cire hannunka. In ka wuce wurin, kada ka ce za ka dawo daga sama. Sassauta sosai, ka sake hawowa daga ƙasa. Maguɗiya kuwa, kau da fuskarka kafin ka ja ta."

Da ya miƙe sai ya ce, "In na dawo ba zan tambaye ka waƙa ba. In tarar muryoyin nan uku sun shirya, ya ishe ni."

Daga nan zan faɗi halayen marigayin, kamar yadda ake faɗin alherin wanda ya riga mu.

Ɗan Ɗinya mai haƙuri ne. Ya fito daga hannun gwani ya faɗa hannun da bai san komai ba sai ƙotar garma, bai taɓa nuna mini raini ba. Babban yatsana kamar taɓarya yake, in na ce zan tura kaurin gashi sai in tura kaurin kara. Giwa ta ce "gwaɓ," kamar kwaɗo a cikin tulu. Sha-kiɗi ta ce "ƙyaang." Maguɗiya ta yi wani tsuwwa mai shiga haƙori. Kajin gidan suka daina kwanciya a inuwar ɗakina. Matata Hansai ta leƙo wata rana da ludayi a hannu.

"Maigida, in ciwon ne ya tsananta ka faɗa, a kira Manu."

"Ba ni ba ne, molon ne."

"To shi ma a kira masa Manu."

Maguɗiya ta tsinke mini tun a kwanakin farko, ta zane ni a kunci, don na manta ban kau da fuska ba. Mudi ya je ya roƙo gashin wutsiya a bargar mai gari, na murɗa sabuwa a kan cinyata, wadda ita kaɗai ce ta rage mai amfani a ƙafar. Marigayin ya karɓe ta bai ce ba irin ta Kawu ba ce.

Mai riƙon asiri ne kuma. In gari ya watse gona, gida ya yi tsit, daga nesa ina jiyo gangar gayyar wasu, shi kaɗai ya ji abin da nake faɗa, kuma ya tafi da shi. Ya san na san Mudi gona biyu yake nomewa, tasa da tawa, yana dawowa idanu jajur ya ce mini, "Gona lafiya lau, Yaya," alhali ina ganin irin ciyawar da ke manne a wandonsa. Ya san na ga ranar da Hansai ta goya 'yarmu ta saɓa fartanya ta bi Mudi, ta bi ta bayan rumbu don kada in gani. Ya san ina auna abin da ya rage a rumbu da yadda hannunta ke ƙara nisa in ta zura. A irin wannan lokaci mutum in ba shi da abin da zai riƙe, kansa yake kamawa. Ni zoben fata nake kamawa, in tura, in saurara, in sassauta, har inuwar rumbu ta juya.

Amma babban aikinsa a gidan nan manzanci ne. Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata, Inna Tasalla, bisa kunyar da ta gada, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. Tun ina yaro haka muke, saƙo ta bakin wani. Da na kwanta, kowa ya tafi gona, daga ni sai ita a gida, babu bakin da za ta aika. Sai ta samu Ɗan Ɗinya. Takan tsaya a gefen ƙofa, inda nake ganin gefen zanenta kawai, ta ce, "Kai mai ƙara, ka gaya wa mai riƙe da kai kunu na hucewa." Ko ta ce, "Tambaye shi ko ƙafar ta bar shi ya runtsa." In amsar i ce, in taɓa giwa. In a'a ce, in taɓa maguɗiya. A damina ɗaya mun yi hirar da ba mu yi ba tun da aka yaye ni.

Ita ce kuma ta cece mu daga ɓata. Gunjin da Kawu ya ce in dogara da shi ba ya zama wuri guda, ranar zazzaɓi ya yi sama, ranar mura ya yi ƙasa, giwa ta yi ta binsa kamar makauniya. Wata rana Inna tana kaɗi a bakin ƙofa, ta juya mini baya, sai ta ce, "Kai mai ƙara, a hannun Jibo ba nan babbar muryarka take ba. Ka hau da yawa." Sai ta rufe baki ta yi gunji, dogo, a kwance, bai karkata ba. Da wannan muryar ta girma a rugarsu, tana cikin kunnenta. Tun daga ranar, duk sanda ta ji na ɗauko shi, sai ta kawo mazarinta bakin ƙofa ta zauna tana wannan gunji, kamar ba da kowa take ba.

Game da rashin lafiyarsa. Marigayin ɗan rana ne, damina ba ta karɓe shi ba. Kullum safiya sai in tarar fatarsa ta saki don sanyi, ɗan icen da tsirkiyoyi ke hawa, wanda ake kira jaki, ya nutse, duk wahalar jiya ta tafi a banza. In rana ta leƙo, Hansai ta kai shi kan turmi ya sha ɗumi. In ba rana, ta riƙe shi nesa kaɗan da murhu tana juya shi kamar mai gasa masara. Da marka ta kama sosai, fumfuna ta fito masa a gefe, wata 'yar tsaga ta bayyana inda wuya ya shiga ciki, muryarsa ta dushe kamar ta mai tari.

A cikin kwanakin nan ne nawa ciwon ya juya. Kurkunun ƙafar dama ya fita lafiya. Na gwiwar hagu ya tsinke a ciki. Gwiwa ta kumbura ta yi kamar kabewa, aka danne ni Manu ya yi mini sakiya da jan ƙarfe. Da kumburin ya saɓe, ƙafar ta tsaya a lanƙwashe, ta ƙi miƙewa. Manu ya ja, ya shafa mai, ya sake ja.

Ya ce, "Ta dama za ta taka. Ta hagu, sai abin da Allah ya yi."

Na ce, "Garma fa, Manu?"

Sai ya sunkuyar da kai yana ta ɗaure bakin zabirarsa, ya kwance, ya sake ɗaurewa.

Na juya fuskata bango. Kwana da kwanaki ban taɓa molon ba, ban amsa sallamar kowa ba. Da can ina lissafin in kurkunu ya fita zan tashi. Yanzu ya fita, ƙofar tana nan inda take, ni ma ina nan inda nake. Ɗan Ɗinya yana rataye a turken bango, bai matsa mini ba. Sai dai in iska ta shigo ta ƙofa ta shafe shi, yakan ce "zuuu" a hankali, shi kaɗai, kamar mai gyaran murya a zaure yana jiran a ce ya shigo.

Inna ce ta gaji da shirun. Ta tsaya a inda ta saba ta ce, "Kai mai ƙara, kai ma ka yi gum? To da wa zan yi magana a gidan nan?" Muryarta tana rawa. Na kira Hansai ta sauko mini da shi.

Ina so a rubuta ranar Litinin da kyau, Malam, don ita ce ranarsa. Da la'asar ruwa ya ɗauke, rana ta fito fes, fatar ta sha ɗumi ta ɗame. Inna ta kawo mazarinta. Na sassauta tsirkiyoyin duka, na fara hawowa daga ƙasa kamar yadda aka ce. Giwa ta taho, ta taho, ta zauna a kan gunjin Inna har na kasa bambance wace ce wace. Na kama sha-kiɗi. Muryar tana rawa da sauri, na tura kaɗan, rawar ta ragu, na ƙara, ta koma kamar numfashin mai barci, na ƙara abin da ni kaina ban ji yatsana ya motsa ba, sai ta tsaya. Na cire hannuna kamar na taɓa wuta. Na kau da fuska na ja maguɗiya, ita da ta fi kowa taurin kai, ranar nan ba ta yi gardama ba.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. "Dum. Dan. Ting." Sannan na shafe su gaba ɗaya.

Ban iya faɗin yadda abin yake ba. Hansai tana daka, taɓarya ta tsaya mata a sama. Mazarin Inna ya daina juyawa. Na sake shafawa. Sai ga Mudi ya shigo daga gona, taɓo har gwiwa, yana waige waige.

"Kawu ya dawo ne?"

Hansai ta nuna masa ƙofar ɗakina da haɓa. Ya leƙo ya gan ni, ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. A nan ya faɗa mini abin da suke ɓoyewa, cewa abokan gayyata sun yi shawara za su taru ranar Alhamis su yi mini huɗar dawa.

"Za mu ɗauke ka a gadon kara mu kai ka bakin gona, Yaya, kai da shi. Ka kaɗa musu."

"Ban iya waƙa ko ɗaya ba. Abin da ka ji shi ke nan."

"Shi ɗin za ka yi ta yi."

Na ce Hansai ta rataye shi a hankali, kada zobe ko ɗaya ya goce. Ta mayar da shi turkensa, a bangon gabas, can sama inda damshin ƙasa ba ya kai wa. Wannan bango tun farkon marka yake shan ruwa, wanda zai yaɓe shi kuwa yana kwance a gindinsa.

Washegari ruwa ya sauko tun asuba, irin mai zuwa da iska, bai tsagaita ba har hantsi. Ba wanda ya fita gona. Ina kwance sai na ji ƙasa tana zubo mini a wuya. Na ɗaga kai na ga tsaga ta buɗe a bango, haske na shigowa ta cikinta. Na yi kira, ƙarar ruwa a kan jinka ta haɗiye muryata. Na yunƙura in ja jiki, ƙafar ta ƙi. Daga ƙofar ɗakinta Inna ta hango bangon ya yi ciki. Abin da na ji ya keto ruwan shi ne muryarta.

"Maitama! Mudi, Maitama! Maitama yana ciki!"

Mudi ya faɗo ɗakin ya kama ni ta hammata, Hansai ta tallafi lanƙwasasshiyar ƙafar.

Na ce, "Molon, Mudi! Ɗauko molon!"

Ya ce, "Yaya, hannuna biyu ne, duk suna jikinka."

Suka ja ni waje. Ba mu kai gindin turmi ba bangon ya durƙusa kamar raƙumi, ya kife ciki, jinka ta bi shi. A tsakiyar wannan rugugi na ji shi. Wani abu ya bugi tsirkiyoyin nan uku gaba ɗaya, suka yi magana sau ɗaya, da ƙarfin da ban taɓa jin sun yi ba, sannan ƙasa ta rufe. Ina shaidawa a gaban Malam da duk mai jin wannan takarda, duk da sanyin safiyar nan, muryar ba ta yi rawa ba. A shirye ya cika.

Na kwanta rigingine a cikin taɓo, ruwa na dukan fuskata, ina kallon sama duka, wadda rabona da ganinta haka tun ranar shuka. Inna ta cire mayafinta ta rufe ni, tana shafa kaina tana salati. Da ta ga fuskarta dab da tawa, ta ja da baya, ta koma ɗakinta. Ba ta sake faɗin sunan ba, ni ma ban tayar da maganar ba.

Marigayin ya rasu ya bar mahaifinsa, Kawu Jibo, wanda har yanzu bai sani ba. Ina roƙon duk bafataken da ya nufi kudu, in ya gamu da wani dogon dattijo mai garke, kafaɗarsa ba komai sai sanda, ya gaya masa a hankali. Ya fara da cewa muryoyin sun shirya, akwai shaidu, sannan ya faɗi sauran. Ya bar Inna Tasalla, wadda yanzu take ajiye kunu a bakin zaure, inda aka mayar da ni, ta yi tari ta wuce. Ya bar Hansai, wadda ta fi kowa yi masa tsiya, ita ce kuma ta yini tana tonon ɓaraguzai da hannu har ruwa ya kore ta. Ya bar maraya guda, jakinsa, ɗan icen nan da bai kai yatsa ba, wanda ruwa ya turo har bakin rariya ko ƙwarzane babu, yana cikin aljihuna yanzu. Kaji sun dawo inuwa, su kaɗai ne ba a yi wa ta'aziyya ba.

Ya kuma bar ni. An yi gayya ranar Alhamis ba da mu ba, Allah ya saka wa waɗanda suka je da alheri. Ina zaure, abin da nake gani bango ne da zanar da aka tare ƙofa da ita don feshi, cinyata kuma ba komai a kanta. Dukiya bai bari ba, sai gado guda da ya bar mini, kuma ban san yadda zan yi da shi ba. Ya bar mini kunne. Ƙyauren maƙwabcina in ya yi ƙara, sai in ji ya yi ƙasa kaɗan. Mata biyu in suna daka, sai in ji turamensu ba su shirya ba. Babban yatsana ya yi ta tura iska, yana neman zoben da babu.

Ina roƙon maƙwabta, duk wanda marigayin ya hana baccin rana, ko ya firgita masa jaki, ko ya sa jaririnsa kuka a farkon zamanmu, ya yafe masa. Laifin ba nasa ba ne.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da safe, in Allah ya kai mu kuma ƙasa ta tsane. Za a tono shi da hannu, kada wanda ya sa hauya. Duk abin da aka samu nasa, ice ko gora ko fata, a tara wuri ɗaya, kada ko tsinke ya shiga murhu. Za a naɗe shi a ƙyallen saƙi na zaren da Inna ta kaɗa a bakin ƙofar nan. Malam Sada ya ce ba a yi wa ice salla, na kuwa yarda, amma ya ce zai zo ya tsaya, kuma tunda mamacin ba mutum ba ne, babu laifi mata su raka. Za a binne shi a gindin ɗinyar da ke kan iyakar gonata, bayan ganuwa, kusa da danginsa. Masu baka su zo da bakansu, a fita da wuri don a dawo kafin a rufe ƙofa. Ba kiɗa, ba guɗa. Akwai fura ga wanda ya dawo da ƙishi.

Mamacin ba shi da nauyi, Inna ta ce ita za ta ɗauke shi a faifai. Mai makokin ne ke buƙatar masu ɗauka. Ana neman ƙarfafa huɗu da gadon kara, su zo zaure tun da sassafe. Ina roƙonsu su bi da ni ta tsakiyar dawa, kuma in mun fita ƙofar gari, kada su yi sauri.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa mu cika a shirye.